Hoto Ɗari Uku da Sha Biyu

Kyamarar ta Sadisu ce, ƙanen matata,
mai ɗaukar hoton biki a Wuse.
Ya rataya mini ita a wuya kamar laya,
ya ce, "Yaya, in ta faɗi, kada ka dawo Kubwa."

Layi na huɗu na samu, ɓangaren rana,
inuwa ta masu kati a ƙirji ce.
A ƙasa ga filin tanis, shuɗi, an ja masa farin layi
tsaf, kamar littafin yaron da bai fara rubutu ba.

Su biyu ne. Ɗaya doguwa, daga ƙasar sanyi,
rana ta mai da fuskarta tattasai.
Ɗaya tamu, gajera, gwiwa ɗaure da farin ƙyalle.
Da aka kira Nanret
'yan Filato suka tashi da shewa.

Na saita, na danna,
na samu raga.
Na danna, na samu ƙafa ɗaya da inuwarta.
Na danna, na samu ƙeyar wani mai malafa.
Ƙwallon kuwa, ɗan lemon tsamin nan,
ya je ya dawo ya sake tafiya
yatsana bai gama shawara ba.

Alƙali daga kan doguwar kujerarsa
ya waiwayo, ya ce a yi shiru.
Ni ban ce uffan ba, kyamarar ce ke ƙyas-ƙyas,
amma na sunkuyar da kai
kamar wanda wayarsa ta yi ƙara a sahu.

Tsohon da ke gefena, Baba Davou,
yana ɓare gyaɗa a cikin hularsa.
Ya ce yana ɗan shekara tara ya fara tsintar ƙwallo
wa Turawan kuza a Bukuru,
ladansa sisi da ragowar burodi.
"Kai bin ƙwallo kake da ido. Ba a bin sa.
Dubi kafaɗarta, kafaɗa ba ta ƙarya.
In ta ja numfashi, danna.
In ka ji tas, ka makara."

Kafin in gwada, hadari ya taso ta bayan duwatsu.
Aka watse.
Minti arba'in muna maƙale ƙarƙashin kwano,
na cusa amanar Sadisu cikin rigata.
Da ruwa ya ɗauke yara suka fito da soso suna kore shi,
Nanret na zaune, tawul a ka, rabin ayaba a hannu,
leɓɓanta na motsi.
Addu'a ce ko zagin kai, ban sani ba.
Na ɗauka. Wannan ta fito.

Aka dawo. Aka kai maƙura.
Na kafa gwiwar hannu, na sa ido a kafaɗa,
ta ja numfashi,
sai ɗan jan haske ya ƙifta sau uku
gilashin ya yi baƙi.
Batir.

Don haka da idona na gani,
idon nan da ba ya ajiye wa kowa komai:
bugu ashirin da ɗaya ba wanda ya tofa,
takalma na kuka a kan danshi,
ta rugo gaban raga, ta shafi ƙwallon shafa kawai,
ya hau bakin ragar
ya tsaya
kamar baƙon da bai san ƙofar da zai shiga ba,
sannan ya faɗo ta gefenta.

Gyaɗar Baba Davou ta watse har layi na biyu.
Bai duƙa ya tsince ba.

Da dare, bayan an kawo wuta,
Yusra ta zauna tana ƙirgawa.
Ɗari uku da sha biyu.
Raga, ƙafa, sama, ƙeya, raga.
A guda ɗaya tak ƙwallon ya yarda aka gan shi:
ya maƙale a wayar shinge, jiƙe sharkaf,
babu mai nemansa.

Ta ce, "Baba, to wa ya ci?"
Na buɗe baki,
sai na ga hannuna ya riga ni tashi,
yana shafar iska a hankali
a tsakiyar falo.